Idan Mai Gidan Haya Ya Karye, Ya Ce Ki Sayi Gidan

Wata baiwar Allah ce ta aiko mana da wasiƙa daga Kaduna. Shekararsu tara a gidan haya ita da maigidanta da yara. To mai gidan ya samu karayar arziki, bashi ya yi masa katutu, sai ya zo har gida ya ce su saya, zai yi musu rangwame, amma su kawo kuɗi cikin mako biyu. Ita kuma tana da gwal da kuɗin gadonta. Tambayarta ita ce, ta sayar ta ba shi?

'Yar uwa, dakata tukuna. Wannan "mako biyu" shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Abin da za ki fara sani shi ne, shin har yanzu gidan nasa ne da zai iya sayarwa? 'Yan kasuwa da yawa idan za su ci bashin banki, takardar gida suke kaiwa jingina. Muddin takardar tana hannun banki, shi mai gidan ba shi da ikon miƙa miki gida salin-alin. Idan ya kasa biya, banki na iya yin gwanjon gidan, ke kuwa kuɗinki sun tafi. Wani lokacin ma bashin ya bar hannun bankin, ya koma hukumar AMCON, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 2010 don ta sayi basussukan da suka gagari bankuna karɓowa. Idan kuma kotu ce ta yanke cewa mutumin ya karye, to dukiyarsa ta koma hannun wanda aka naɗa ya raba wa masu bin bashi. Da wannan mutumin za a yi ciniki, ba da mai gidan ba, ko da kuwa ya rantse miki.

Yaya za ki gane? Ki ce ya nuna miki ainihin takardar mallaka, wato C of O, ba hoton kwafi ba. In ya fara kame-kame, wai tana wurin ƙaninsa a Legas, kin ji amsa. Sannan ki ɗauki lauya ya je ofishin filaye ya bincika fayil ɗin gidan. A Kaduna KADGIS ne, a Kano KANGIS, a Abuja kuma AGIS. Jinginar da aka yi wa rajista a nan za ta fito. Na san mu mata da jin an ce lauya sai gaba ya faɗi saboda kuɗi, amma abin da zai karɓa bai kai sarƙa ɗaya daga cikin gwal ɗinki ba. Ki kuma tambayi mai unguwa ko gidan gado ne da ba a raba ba, domin wannan ba lallai fayil ya nuna ba.

Ko da an samu jingina, ciniki bai mutu ba. Ana zama da bankin, ya rubuto adadin da yake bi, ki biya wannan kai tsaye cikin asusun bankin, ragowar ki ba mai gidan, banki ya saki takarda. Kar ki ba da ko kafin alƙalami a hannu, kuɗi a leda, ba rubutu ba shaidu.

Bayan haka akwai sa hannun gwamna. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce ba a sauya mallakar gida mai irin wannan takarda sai da amincewarsa. Mutane da dama suna tsayawa a takardar ciniki ta dillali, shekaru su wuce sunan tsohon mai gida na nan a fayil, masu binsa bashi kuwa fayil suke dubawa.

Wani abu kuma, zaman shekara tara bai ba ki fifiko a kan sauran masu saye ba, sai in an rubuta haka a yarjejeniyar haya. Amma ba a fitar da ke dare ɗaya. A yawancin jihohi mai biyan haya shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida. Ki adana rasit ɗinki, kuma in kin biya haya ta gaba, a cire ta daga kuɗin gidan.

In kuɗin bai cika ba, ma'aikaciyar da take zubi a asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, tana iya neman rance ta nan. Mai gudun ruwa kuma ta leƙa bankunan da ba sa karɓar ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012.

Saura maganar da wasu ba sa so in yi. Gwal ɗinki ne, gadonki ne, to sunanki za a rubuta a takarda. In kun haɗa kuɗi da maigida, a sa sunayen biyu, a fayyace kason kowa. Ba rashin yarda ba ne. Akwai mutuwa, akwai kishiya, akwai magada, kuma ranar rabon gado takarda alƙali zai fara tambaya. Mai wasiƙarmu ta Kaduna, ki je ku zauna da maigida yau da daddare, gobe ku nemi ganin takardar nan. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.