Shin Ido Ne Ke Fitar da Haske?

Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa ido ne ke aika haske kan abu kafin a gan shi. Har wasu manyan masanan tsohuwar Girka sun yi wannan zato. Wanda ya rushe shi shi ne Ibn al-Haisam, haifaffen Basra a wajen shekarar 965. A littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa haske na fitowa daga rana ko fitila, ya faɗa kan abu, sannan ya shigo ido. Shi ya sa a ɗaki mai duhu ƙirin, duk yadda muka zare ido ba ma ganin komai.

To idon kyanwa da ke ƙyalli da dare fa? Ba maita ba ce. A can cikin idonta akwai wani shimfiɗi mai kama da madubi da ke mayar da hasken tocila. Shi ma wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro.

Kuskure mafi haɗari shi ne kallon rana lokacin husufi, wai don ta dusashe. Haskenta na iya ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba, kuma baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa. Maimakon haka, mu huda ƙaramar kafa a kwali, mu juya wa rana baya, mu kalli siffarta a kan farar takarda.