Ramin Golf da Ke Ƙanƙancewa

Faɗin ramin golf milimita 108 ne, faɗin ƙwallon kuwa kusan milimita 43. Ke nan ƙwallo biyu da rabi za su jeru a bakinsa. Duk da haka za ka ga gwani mai cin miliyoyin daloli ya kuskure shi daga taku biyu, ya dafe kai. A ganina ba saiti ke kayar da yawancin gwanaye ba, gudu ne.

Idan sanda ta taɓa ƙwallo, ba nan take take fara mirginawa ba. Fuskar sandar a ɗan kishingiɗe take, digiri 3 ko 4, don haka ƙwallon kan ɗan ɗaga, ta sauka, ta yi ta zamewa a kan ciyawa. Ciyawar ce ke kama ƙasanta tana juya ta har ta koma mirgine sosai. A lissafin masana, ƙwallon da aka buga ba tare da juyi ba takan rasa kashi biyu cikin bakwai na gudunta kafin nan.

A bakin rami ake yin ta. Kafin ƙwallo ta zauna ciki, sai ta nutse kamar rabin tsayinta tun ba ta doki ɗaya leɓen ba, faɗuwar nan kuwa tana cin kusan kashi ɗaya cikin goma sha biyar na daƙiƙa. A 1991 wani masanin kimiyya a Amurka, Brian Holmes, ya lissafa cewa ko tsakiyar ramin ƙwallo ta nufa, in gudunta ya haura mita 1.6 a daƙiƙa, tsallakewa za ta yi. In kuwa ta gefe ta zo, hanyar da za ta ratsa ta gajarce, sai ta lashi leɓen ta zagaya ta fito, kamar akuyar da ta leƙa rijiya ta fasa. Wato gwargwadon saurinta, gwargwadon ƙanƙancewar ramin.

To a buga a hankali mana? Nan ma da matsala. Ƙwallo mai tafiyar hawainiya ta fi daɗewa a kan gangare, sai ya janye ta gefe, kuma kowane sawun takalmi na iya karkatar da ita. Shi ya sa Dave Pelz, tsohon ma'aikacin hukumar binciken sararin samaniya ta NASA da ya koma koyar da golf, ya ba da shawarar bugun da zai wuce ramin da inci 17 in an kuskure.

Santsin filin ma aunawa ake yi. Edward Stimpson ya ƙirƙiro wani ɗan kwararo a 1935: a sako ƙwallo daga kansa, a auna ƙafa nawa ta yi kafin ta tsaya. A wasu filayen arewacin Najeriya kuwa babu ciyawa kewaye da ramin, yashi ne aka cuɗa da mai. Sai an share hanya an daidaita ta kafin bugu, kuma yashin na shanye gudu, dole hannu ya ƙara nauyi.