Yadda Masu Buƙata Ta Musamman Za Su Nemi Aiki Ta Wayar Hannu

Matashi mai amfani da keken guragu zai iya kammala digiri da sakamako mai kyau, ya ji labarin gurbin aiki, ya biya kuɗin mota ya je kai takardunsa, sai ya tarar ofishin yana hawa na uku kuma babu abin da zai hau sai matakala. Mai larurar gani kuwa sau da yawa sanarwar aikin ma ba ta isa gare shi, domin a allo aka liƙa ta. Wayar hannu ta rage wannan wahala, sai dai ita ma hanyar intanet tana da nata shingayen, kuma sanin su ne ke sauƙaƙa tafiyar.

Abin da doka ta tanada

A watan Janairun 2019 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya. Dokar ta umarci ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma samar da hukumar NCPWD, wadda aka kafa a 2020 domin kula da haƙƙoƙinsu da karɓar ƙorafinsu. Ma'ana, mai neman aiki ba alfarma yake roƙo ba, haƙƙinsa yake nema.

Ina ake samun guraben?

Hanyoyin sun kasu uku. Ta farko ita ce shafukan da kowa ke amfani da su, irin su Jobberman da LinkedIn. Mutum zai buɗe asusu, ya loda CV ɗinsa, ya saita wayarsa ta riƙa sanar da shi duk lokacin da aka wallafa aikin da ya dace da shi. Wanda zirga-zirga ke yi wa wuya zai iya tace sakamakon ya zama ayyukan da ake yi daga gida kaɗai.

Ta biyu ita ce ƙungiyoyin da ke tsayawa tsakanin mai neman aiki da kamfani. Project Enable Africa da ke Legas tana horar da masu buƙata ta musamman a fannin fasahar zamani tare da haɗa su da masu ɗaukar aiki. Ita ma Sightsavers ta gudanar da shiri irin wannan a Najeriya mai suna Inclusion Works. Amfanin irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne suna yin aiki ta ɓangare biyu: su gyara wa matashi CV su koya masa amsa tambayoyin intabiyu, sannan su nuna wa kamfani gyaran da zai yi domin ma'aikacin ya ji daɗin aiki. Yin rajista da reshen ƙungiyar JONAPWD mafi kusa ma yana da amfani.

Ta uku ita ce shafukan da aka gina musamman saboda su. Misali shi ne Evenbreak na Birtaniya, wanda Jane Hatton ta kafa a 2011. Duk kamfanin da ya sa talla a wurin ya riga ya san waɗanda za su nema, saboda haka fargabar a yi watsi da takardar mutum saboda larurarsa tana raguwa. Yawancin guraben na mazauna Birtaniya ne, amma tsarin abin koyi ne.

Manhajojin da ke taimakawa

Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone kuma tana da VoiceOver. Dukkansu suna karanta abin da ke kan fuskar waya da murya, kuma ana kunna su a sashen Accessibility na saitunan waya. A kwamfuta akwai NVDA, wadda kyauta ce.

Babbar matsalar ita ce sanarwar aiki da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook a matsayin hoto, wanda manhajar karatu kan kasa karantawa daidai. A nan Seeing AI ta Microsoft ko Lookout ta Google ke shigowa, domin suna ciro rubutu daga hoto su karanta shi. Idan fom ya gagara, manhajar Be My Eyes tana haɗa mai larurar gani da ɗan sa kai ta kiran bidiyo.

Masu larurar ji suna da Live Transcribe, wadda Google ta fitar a 2019, mai mayar da magana rubutu nan take. Zoom da Google Meet ma suna nuna rubutun abin da ake faɗa a lokacin intabiyu. Wanda hannunsa ke da rauni zai iya sarrafa waya da murya ta Voice Access.

A bayyana larura ko a yi shiru?

Wannan zaɓin mai neman aiki ne. Idan an ware guraben masu buƙata ta musamman, bayyanawa ce ke ba shi damar shiga sahun. Idan kuma aka gayyace shi intabiyu, gara ya aika saƙo tun da wuri ya faɗi abin da yake buƙata: ɗaki a ƙasa, mai fassarar yaren kurame, ko ƙarin lokacin jarrabawa. CV kuwa a rubuta shi da Word ko Google Docs, a fara da abin da mutum ya iya da kuma inda ya taɓa yin aiki.

Hattara da 'yan damfara

Masu damfara sun san cewa wanda ya daɗe yana neman aiki ya fi saurin amincewa, shi ya sa suke ƙirƙiro tallan "guraben masu buƙata ta musamman" su nemi kuɗin fom. Kamfanonin samar da aiki na gaskiya suna da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma a ƙa'ida mai ɗaukar aiki ne ke biyan su. Adireshin shafukan gwamnati yana ƙarewa da .gov.ng. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katin banki ko lambar OTP da sunan ɗaukar aiki, to a toshe shi nan take, a kuma sanar da sauran 'yan uwa a zauren da aka ga tallan.