Wuƙar Gargajiya a Ƙasar Hausa: Zaɓenta da Adana Ta

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami gidan Bahaushe wanda babu wuƙa a cikinsa. Da ita ake yanka ragon suna da na layya, da ita uwargida ke gyaran kayan miya, ita ce kuma abokiyar tafiyar maharbi da makiyayi da fatake. Saboda wannan matsayi nata ta sami wurin zama a cikin harshe. In an danƙa wa mutum cikakken iko akan ce an ba shi wuƙa da nama, mutumin da ba ya magana biyu kuwa akan kira shi kaifi ɗaya.

Wuƙar da ake nufi a nan ita ce ta maƙera, wadda ruwanta ke kafe cikin ƙota, ba a naɗe ta, kube ne makwancinta. Za a dubi tarihinta a taƙaice, da ire-irenta, da yadda ake ƙera ta, sa'an nan a bayyana hanyoyin gane ta ƙwarai, da abin da ya wajaba a kan mai sha'awar tara irin waɗannan wuƙaƙe. Dalili kuwa shi ne, tun da wuƙaƙen kanti suka cika kasuwa, sanin da magabata ke da shi na rarrabe ƙarfe mai kyau da maras kyau ya fara ƙaranci, sunayen wuƙaƙen ma sun soma ɓacewa daga bakin matasa.

2.0 Wuƙa a Tarihi

Ƙira tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Matoyan tama da aka tono a Taruga, cikin yankin al'adar Nok, sun haura shekara 2000. A Kano kuma masu haƙar kayan tarihi sun sami shaidar narkar da tama a wajen Dutsen Dala tun ƙarni na 7, labarin baka kuwa ya danganta kafuwar garin da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama. Gayar nan ce aka ce Bayajida ya biya ta cikinta, maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Haka nan a Katsina, takobin nan da ake kira Gajere, wanda ake dangantawa da Korau, yana cikin kayan sarauta. Masanin nan A. D. H. Bivar ya yi nazarin irin waɗannan makamai na fadojin Arewa a wani littafi da ya fito a 1964.

Sai dai ba dukkan ƙarfen da aka yi aiki da shi ne na gida ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kamar 50,000 ake shigowa da su kowace shekara ta hanyar Sahara, galibinsu ƙirar garin Solingen na ƙasar Jamus. A Kano ake yi musu ƙota da kube, a sayar wa Hausawa da Fulani da Buzaye da Barebari da Nufawa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacen injuna suka yawaita, har narkar da tama ta mutu sannu a hankali. Maƙeran yau da tsohon sifirin na mota da tsofaffin magagarai suka fi yin wuƙa. Wannan bayani yana da amfani ga mai tara wuƙaƙe, domin irin ƙarfen da aka yi wuƙa da shi yakan nuna zamanin da aka ƙera ta.

3.0 Ire-iren Wuƙa

Bahaushe yakan raɗa wa wuƙa suna ne daga aikinta ko daga inda ake ɗaura ta. Akwai wuƙar yanka, doguwa mai miƙaƙƙen kaifi, wadda malami ko mahauci ke yanka dabba da ita. Akwai wuƙar fiɗa, gajera mai ɗan tumbi wajen baki, yadda za ta bi tsakanin fata da nama ba tare da ta huda fatar ba. Akwai wuƙar girki, sirirriya maras nauyi, ta yankan albasa da kuɓewa. Akwai barho, wanda ya fi waɗannan girma da kauri. Baduku yana da tasa ta yankan fata, wanzami kuma yana da askarsa a cikin zabira.

Wadda ta fi jan hankalin masu tara kayan gargajiya ita ce wuƙar hannu, mai kaifi biyu da tsini, wadda aka haɗa kubenta da zoben fata, mutum ya zura hannunsa na hagu, ta kwanta a damtse ko a sangalin hannu ƙarƙashin riga. Ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Buzaye suna da tasu, haka Tubawa da wasu al'ummomin Chadi da Sudan, kowa da fasalin ƙotarsa. Adda da lauje da takobi kuwa dangin wuƙa ne, amma Bahaushe ba ya kiran su da wannan suna.

4.0 Yadda Ake Ƙera Ta

Wuƙa guda aikin hannu uku ce: maƙeri, da mai sassaƙa ƙota, da baduku. Wani lokaci maƙerin farin ƙarfe yakan shigo na huɗu, ya yi wa ƙota ado da tagulla ko azurfa, amma ruwan wuƙa aikin maƙerin baƙin ƙarfe ne. Yakan gasa ƙarfe da gawayin ƙirya, saboda zafinsa da daɗewarsa, yaro yana zuga, ya kama shi da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta duka har ya fitar da siffa.

Asirin aikin duka yana wurin ban ruwa. Ƙarfe mai isasshen sinadarin kabon, in aka gasa shi ya yi jawur, watau zafinsa ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, aka tsoma shi farat ɗaya cikin ruwa ko mai, sai ya yi tauri ƙwarai, amma ya zama mai saurin karyewa kamar kwalba. Don haka akan sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200, taurin ya sassauta. Maƙeri ba ya da ma'auni, launin ƙarfen yake kallo. In ruwa ya yi yawa, kaifi ya riƙa ɓantarewa. In ya yi kaɗan, kaifi ya riƙa lanƙwashewa, wuƙa ta dakushe tun ba a gama fiɗar akuya ɗaya ba. Ƙarfen da ba shi da isasshen kabon kuwa, kamar guntun ganga ko na kwanon rufi, ko an yini ana ba shi ruwa ba zai yi tauri ba.

A nan ne bambancinta da wuƙar kanti ya fito. Yawancin na kanti an yi su da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100. Suna da ƙyalli, ba sa neman kulawa, amma masu araha daga cikinsu ba sa riƙe kaifi. Ta maƙera tana tsatsa in an yi sakaci, sai dai tana karɓar washi da sauri a kan kowane dutse mai laushi, abin da ya sa mahauta da yawa ba su rabu da ita ba.

5.0 Zaɓen Wuƙa

Tambayar farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce, wane aiki za ta yi? Mai shiga daji don farauta ko kiwo yana bukatar wuƙa mai kaifi ɗaya, mai kaurin baya, wadda tsawon ruwanta bai wuce taƙi guda ba, domin da ita zai fere sanda, ya yanke igiya, ya feɗe nama, ya kuma iya danna bayanta da babban yatsa. Mai kaifi biyu ba ta dace da wannan aiki ba, don makami ce tun asali. Mai yanka kuwa tsawo da kaifi yake nema. A mazhabar Malikiyya ana so a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da an ɗage hannu ba, hadisi na 17 cikin Arba'una Hadisi kuma ya yi umarni da wasa wuƙa don a hutar da abin yanka. Ashe ke nan zaɓen wuƙar yanka ya shafi addini, ya wuce sha'awa kawai.

Bayan an san aikin, sai gwaji, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Da farko a ɗaga wuƙar a hango bayanta daga ƙota zuwa tsini, a ga ko ta miƙe, don ban ruwa yakan karkatar da ƙarfe. Na biyu, a riƙe ta sako-sako a ƙyasta ruwanta da farce. Lafiyayyen ƙarfe yakan yi amo, mai ɓoyayyen tsagu kuwa muryarsa a dushe take. Na uku, in mai kaya ya yarda, a goga magagari a kusa da kaifi: in ya zame, ƙarfen ya sha ruwa, in kuwa ya ci shi kamar sabulu, to ƙyalli ne kawai. Na huɗu, a juya kaifin sama cikin hasken rana. Kaifi na gaske ba ya ƙyalli, duk inda aka ga ɗigon haske, nan ya dakushe ko ya ɓantare.

Daga nan sai ƙota, wadda a nan ne wuƙaƙe da yawa ke cin amanar masu su. Maƙera sukan gasa siririn gindin ƙarfen su cusa shi cikin itace. In gindin gajere ne, ranar da aiki ya yi tsanani ruwan zai fice ko ƙotar ta tsage. Wadda ƙarfenta ya ratsa ƙota har ƙarshe aka tanƙwashe shi, ko aka dafe shi da ƙusoshi, ita ta fi aminci, musamman in an sa zoben ƙarfe a wuyan ƙotar. Itace mai tauri irin su ƙirya da marke ya fi daɗewa. A jijjiga ta a ji ko tana motsi, a kuma damƙe ta a ji ko ta cika hannu.

Na ƙarshe kube. Fatar akuya da majema suka jeme da bagaruwa, aka rina ta ja da karan dafi, tana da kyan gani, amma abin dubawa shi ne ɗinki da kamu. A zura wuƙar a kifa kuben: in ta zube, ba na tafiya ba ne. A duba kuma ko an yi masa ciki da itace ko fata mai kauri, don kada tsini ya huda shi ya sami mai ita.

6.0 Tarawa da Adanawa

Mai tara wuƙaƙe ya bambanta da mai sayen ta aiki, domin shi amanar tarihi ya ɗauka. A kasuwanni irin su Kurmi ta Kano, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da kasuwar Agadas, akan sami tsohuwar wuƙa kusa da sabuwar da aka yi don baƙi masu yawon buɗe ido. Ta baƙi takan sha ado, amma ƙarfenta ba ruwa, ba ta taɓa yanka komai ba. Tsohuwa ta gaske takan nuna shekarunta a inda hannu ke taɓawa: ƙota ta yi santsi, ruwa ya rame don yawan washi, bakin kube ya side. Tsatsar da ta rufe wuƙa ko'ina bai ɗaya, alhali ƙota sabuwa ce, abin tuhuma ce.

Babban kuskuren masu tarawa shi ne son mayar da tsohuwa sabuwa. Injin washi, irin wanda ake layi a gabansa gab da Babbar Salla, yakan zafafa kaifi har ya yi shuɗi, ruwan da maƙeri ya ba shi ya lalace, ya kuma shafe zane da alamar maƙerin. Abin da ya kamata shi ne a goge jar tsatsa da tsumma da ɗan mai, a bar baƙin da ya kama jikin ƙarfe, don shi kariya ne. Kada a bar wuƙa cikin kube wata da watanni, musamman da damina, saboda fata tana riƙe laima. Da hunturu kuma itace da fata kan bushe su tsage, sai a riƙa shafa musu man kaɗe kaɗan.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne rubutu. Kowace wuƙa a yi mata takarda: sunanta a bakin mutanen wurin, garin da aka ƙera ta, gidan maƙeran in an sani, aikin da ta yi, da shekarar da aka same ta. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana kalmomin sana'o'i masu yawa, Philip Jaggar kuma ya wallafa nazarinsa kan maƙeran birnin Kano a 1994, amma akwai sauran sunaye a bakin tsofaffin maƙera da mahauta na ƙauyuka, waɗanda in ba a rubuta ba za su bi masu su kabari. Wuƙar da aka raba da labarinta ta koma guntun ƙarfe.

Akwai kuma doka. A Nijeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa kayan sana'ar gargajiya da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana fitar da su waje ba da izini ba, ta kuma ƙayyade cinikinsu. Wanda ya gaji irin wannan, in ba zai iya kula da ita ba, gidajen tarihi kamar Gidan Makama na Kano sun fi dillali cancanta. Haka nan mai tarawa ya san cewa wurin wuƙa gida ne ko wurin aiki, nesa da hannun yara. Yawo da ita cikin gari ba dalili yakan jawo fushin hukuma, ya kuma zubar da mutuncin abin da magabata suka riƙe don sana'a.

7.0 Kammalawa

An ga cewa wuƙar gargajiya tana da tsohon tarihi a ƙasar Hausa, kuma ingancinta yana ga ban ruwa da ƙota da kube, abubuwan da ido da kunne da hannu ke iya gwadawa a gaban mai kaya. An ga kuma cewa mai tarawa yana da nauyin kiyaye ƙarfen da sunansa gaba ɗaya. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata ɗaliban Hausa da ke komawa garuruwansu hutu su zauna da Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa na yankinsu, su rubuta sunayen wuƙaƙe da na sassansu, tun masu sanin suna raye.