Kujerar kansila: yadda ake hawanta da yadda ake rasa ta

In kana zaune a Sakajiki, ko Banga, ko Yankaba, ko wani ƙauye na ƙasar Shinkafi da Zurmi, mai yiwuwa ba ka taɓa ganin sanatanka ido da ido ba. Gwamna kuwa sai dai a rediyo ko a allon waya. Amma kansila ka san gidansa, ka san mahaifinsa, wataƙila ma sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci. Shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kowa kusa da kai, kuma shi ne wanda mutane suka fi jahiltar aikinsa. Shi ya sa in ya sha kaye sai a yi ta surutu, wasu na murna wasu na jaje, ba tare da an san ainihin abin da ya faru ba.

Wane ne kansila?

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Jihar Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996, tana da 14 daga cikinsu. Kowace ƙaramar hukuma an yanka ta gunduma-gunduma, wato mazaɓu, kuma kowace mazaɓa tana tura mutum ɗaya ya wakilce ta. Wannan mutumin shi ne kansila. A Zamfara akwai mazaɓu 147, don haka kansiloli 147 ake zaɓa. Sakajiki ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Kaura Namoda.

Kansilolin ƙaramar hukuma in sun haɗu su ne majalisarta, kamar yadda 'yan majalisar jiha suke zama a Gusau. Ciyaman, wato shugaban ƙaramar hukuma, shi ke zartar da aiki. Su kuma kansiloli su ke duba shi.

Kada ka haɗa zaɓaɓɓen kansila da wanda ake kira kansila mai gafaka. Shi mai gafaka naɗa shi ake yi, a ba shi wani sashe kamar lafiya ko noma ko ayyuka ya kula da shi. Haka kuma kansila ba dagaci ba ne, ba hakimi ba ne. Sarauta ana iya mutuwa a kanta. Kansilanci kuwa yana da wa'adi, kuma dokar jiha ce ke faɗin shekarunsa, shi ya sa za ka ji wata jiha shekara biyu, wata uku.

Mene ne aikinsa, kuma ina iyakarsa?

Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, gyaran ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, karɓar wasu kuɗaɗen shiga, da sa hannu a harkar makarantun firamare da ƙananan asibitoci da noma. Aikin kansila a cikin wannan shi ne ya zauna da takwarorinsa su yi wa ƙaramar hukuma ƙananan dokoki, su duba kasafin kuɗi, wato lissafin abin da za a samu da abin da za a kashe a shekara, su amince da shi ko su gyara, sannan su bi sawun kuɗin. Kuma ya kai kukan mazaɓarsa: famfon da ya lalace, ajin da iska ta kware wa rufi, asibitin da ba ma'aikaci.

Ga inda matsala take. Kansila ba shi da baitulmali a hannunsa. Ba ya ba da kwangila, ba ya ɗaukar ma'aikata, ba ya umartar ɗan sanda ko soja. Amma a yankin da 'yan bindiga suka addaba kamar arewacin Zamfara, wayarsa ake fara kira in an ɗauke mutum, ƙofarsa ake fara bugawa in 'yan gudun hijira sun iso da dare. Lokacin da aka katse layukan waya aka kuma rufe kasuwannin mako-mako a jihar a watan Satumba na 2021, duk wanda ake ganin yana da kusanci da hukuma a ƙauye ya sha tambayoyin da amsarsu ba ta hannunsa. Ƙara da wannan akwai kuɗin magani, da ragon suna, da gudummawar biki, da kuɗin makarantar marayu, duk daga aljihunsa ake sa ran su fito. Ni a ganina wannan ne ya fi komai cinye kansiloli nagari: ana auna su da abin da suka raba, ba da abin da doka ta ɗora musu ba. Wanda ya tsaya kai da fata a majalisa aka gyara asibitin mazaɓa, sau da yawa bai kai wanda ya raba atamfa da sallah farin jini ba.

Wa zai iya tsayawa, kuma me zai kashe?

Tsarin Mulki ya ce duk wanda ya cancanci tsayawa takarar majalisar jiha yana da damar tsayawa a zaɓen ƙaramar hukuma. Tun bayan gyaran 2018, shekarun tsayawa majalisar jiha sun dawo 25. Ana kuma buƙatar ka zama ɗan ƙasa, ka yi karatu zuwa matakin sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsayar da kai. Ba a tsayawa ba jam'iyya.

A jihohi, zaɓen kansila ba hukumar INEC ke shirya shi ba, duk da cewa rajistarta da katinta ake amfani da su. Kowace jiha tana da tata hukumar zaɓe, ta Zamfara ita ce ZASIEC, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninta, majalisar jiha ta tabbatar. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kuɗi kuwa, akwai na fom ɗin jam'iyya, akwai abin da hukumar zaɓe ke yankawa. A Kano a 2024 hukumar zaɓen jihar ta fara sanar da naira miliyan 5 ga mai neman kansila da miliyan 10 ga mai neman ciyaman, har maganar ta kai kotu. Bayan fom akwai fosta, da man babura, da abincin magoya baya, da sallamar wakilan da za su tsaya maka a rumfunan zaɓe. Mutane da yawa da bashi suke shiga, wasu su jinginar da gona.

Ta wace hanya ake rasa kujerar?

Za ka ce ai amsar a fili take: mutane su ƙi zaɓensa. Haka ya kamata ya zama. Amma dubi abin da ke faruwa. A zaɓen ƙananan hukumomin Zamfara na 2019, lokacin APC na mulki, APC ce ta lashe kujerun ciyaman duka 14. A zaɓen 16 ga Nuwamba 2024, lokacin PDP na mulki, PDP ce ta kwashe ciyamomi 14 da kansiloli 147. A Kano a watan Oktoba na 2024 NNPP ta ɗauke ciyamomi 44 da kansiloli 484. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne. Kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ke cinye komai, kuma wannan ne ya sa mutane da yawa ke kiran a karɓe zaɓen daga hannun hukumomin jihohi. Ma'anar haka gare ka ita ce, yawancin kansiloli ba ranar zaɓe suke faɗuwa ba. Kafin ranar an riga an gama da su.

Wuri na farko shi ne cikin gida, a zaɓen fid da gwani, inda jam'iyya ke fitar da wanda za ta ba tikiti. Wani lokaci 'yan jam'iyya ke yin layi, wani lokaci daliget, wato wakilai kaɗan da aka ware, su ke zaɓa, amma galibi maslaha ake yi: manya su zauna su ce wane ne. Kansila mai ci zai iya rasa tikiti don ubangidansa a siyasa ya saɓa da na sama, ko don an ce wannan karon wani ƙauye na mazaɓar ya kamata ya samu.

Kada ka raina wannan mataki, domin Zamfara ce ta koya wa ƙasar nan duka darasinsa. A 2019 APC ta ci zaɓen gwamna da na 'yan majalisa a jihar, amma ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, saboda haka ƙuri'unta duk sun tashi a banza. Mukhtar Shehu Idris da ya ci zaɓe bai hau ba, aka rantsar da Bello Matawalle na PDP. In tushen tikitinka ba shi da kyau, ƙuri'a dubu ba za ta cece ka ba.

Wuri na biyu shi ne rushewa. Sashe na 7 na Tsarin Mulki ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙa tafiyar da ƙananan hukumomi, amma gwamnoni da majalisun jihohi sun daɗe suna sallamar zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi ko kwamitin riƙo. Waɗanda aka zaɓa a Zamfara a 2019 an sauke su a 2020, aka koma hannun kantomomi. A Katsina gwamnatin Aminu Bello Masari ta rushe zaɓaɓɓun majalisun da ta tarar a 2015. Suka tafi kotu, kuma a watan Mayu na 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa doka, ta ba da umarnin a biya su haƙƙoƙinsu. Sun yi nasara, sai dai bayan shekara shida, wa'adinsu ya riga ya wuce. Sannan ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ta yanke hukunci mafi girma: ba gwamnan da ke da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa, kantomomi ba su halatta ba, kuma kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, wato kashi 20.6 cikin ɗari, a riƙa ba su kai tsaye maimakon ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙe da shi. Wannan hukunci ne ya sa jihohi da yawa suka yi ribibin shirya zaɓe a ƙarshen 2024. Batun biyan kuɗin kai tsaye kuwa ya yi ta jan ƙafa.

Maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka ma sun ɗanɗana irin wannan: a Nijar gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024, ta naɗa masu riƙo.

Sai wuri na uku, akwatin zaɓe kansa. A nan abokin hamayya ya fi ka ƙuri'a, ko magoya bayanka su kasa fitowa. A mazaɓar da mutanen wasu ƙauyuka suka yi hijira zuwa cikin Kaura ko Gusau, ɗan takarar da ƙarfinsa yake waɗannan ƙauyukan ya riga ya yi asara tun kafin a buɗe akwati.

In ka faɗi, me za ka fara yi?

Tattara takardun sakamakon kowace rumfa daga hannun wakilanka, tun a daren. Su ne hujjarka. Jita-jita da hoton waya da ba a san inda aka ɗauka ba ba sa tsayawa a gaban alƙali.

In ka tabbata an yi maka ba daidai ba, akwai kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da ake kafawa a jiha don zaɓen ƙananan hukumomi. Wa'adin shigar da ƙara kwanaki ne ƙididdigaggu, in sun wuce an rufe ƙofa komai gaskiyarka, don haka ka ga lauya nan da nan. Ka tambaye shi kuɗinsa da tsawon lokacin da shari'ar za ta ci, ka auna da abin da ya rage na wa'adin kujerar.

Abu mafi muhimmanci shi ne yaranka. Matasan da suka yi maka wahala ransu a ɓace yake, kuma kalma ɗaya daga bakinka tana iya kunna wuta ko kashe ta. Yankin da ke fama da 'yan bindiga ba ya buƙatar ƙarin gaba tsakanin unguwa da unguwa. Wanda ya kayar da kai suruki ne ko ɗan uwan wani naka, gobe a jana'iza ɗaya za ku haɗu.

Sannan ka miƙa kayan hukuma da ke hannunka a rubuce, ka riƙe kwafi.

Me ake rasawa?

Albashi da alawus suna tsayawa. Kansila ba shi da fansho. Akwai kuɗin sallama da ake biya bayan kammala wa'adi, amma a jihohi da dama tsofaffin kansiloli sun shafe shekaru suna bin sawunsa, har suna kafa ƙungiyoyi don nema. Kada ka ci bashi da sunan wannan kuɗin, kuma kada ka saki gonarka ko shagonka ranar da aka rantsar da kai.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Zauren da ke cika da safe sai ya koma shiru, wayar da ba ta hutawa sai ta yini ba ta yi ƙara ba. Za a ci gaba da kiranka Honorabul, masu buƙata ma wasu ba za su daina zuwa ba, alhali abin bayarwa ya yanke. Wannan yana taɓa zuciya ƙwarai, kuma iyali su ke fara ganinsa. In ɗan uwanka ne ya faɗi, ka je masa bayan mako biyu ko uku, lokacin da 'yan jaje suka watse.

Kai mai ƙuri'a fa?

Abin ya shafe ka, domin sauyin kansila yakan tsayar da aikin da aka faro: rijiyar burtsatsen da aka haƙa ba a sa mata kai ba, ko ajin da aka kai linta. Tsohon kansila ya san inda takardar kowane aiki ta kwana a sakatariya, sabo kuma yakan ɗauki watanni kafin ya gane hanya. Dattawan mazaɓa da ƙungiyoyin matasa da na mata suna iya zaunar da su biyun wuri guda, a rubuta ayyukan da ba a gama ba, kowa ya riƙe kwafi.

Tun da ka ga cewa a cikin jam'iyya ake yanke yawancin hukuncin, in kana da katin jam'iyya ka halarci taron mazaɓa ranar da ake maganar tikiti, ka faɗi wanda kake so da dalilinka. Ma'aikatar kuɗi ta tarayya da ofishin babban akanta suna fitar da kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata, jaridu ma suna bugawa. Nemi na Kaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, ka riƙe adadin, ka je wa kansilanka da shi ka tambaye shi nawa ne ya iso sakatariya, kuma me aka ware wa mazaɓarku a kasafin bana.