Hawan moto a kan hanya

Moto ta yi yawa a garuruwanmu. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, kabu-kabu ne ke kai mutane kasuwa da asibiti. Moto ba ta shan esansi da yawa, kuma tana shiga lungun da mota ba ta iya shiga. Amma ƙafa biyu gare ta, kuma ba ta da gida kamar mota. In ta faɗi, jikin mutum ne ke bugun ƙasa.

Wurin da ya fi hatsari a jiki shi ne kai. Karayar hannu tana ɗoruwa, ƙwaƙwalwa kuwa in ta taɓu da wuya ta koma daidai. Shi ya sa aka yi kaske. Bayanta tauri gare shi, cikinta kuwa da wani abu mai kama da soso, wanda ke shanye ƙarfin bugu. Sai an ɗaure maɗaurinta a ƙarƙashin haɓa take aiki. Wasu suna rataya ta a hannun moto, sai sun hango jandarma su kifa ta a ka. Hula ko rawani ba su maye gurbinta.

Abu na biyu shi ne gudu. Moto mai gudun kilomita 36 a awa tana cin mita 10 a kowace daƙiƙa. Kafin mai tuƙi ya ga akuya ta shigo hanya ya taka birki, wajen daƙiƙa guda ta wuce: ya riga ya ci mita 10. Bayan haka ma moto ba ta tsayawa nan take. In an ninka gudu sau 2, nisan da birki ke bukata yana ninkuwa sau 4. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso, Ƙwanni, Maraɗi har Damagaram tana ratsa ƙauyuka masu yawa. Ranar kasuwa, jakuna da amalanke da yara duk suna bakin gudron.

Rairayi ma abokin gaba ne. In iska ta zubo shi a kan hanya, ƙafar gaba tana santsi, musamman a kwana. Mai hankali yana rage gudu tun kafin ya iso wurin. Lokacin hunturu, in hazo ya rufe gari, yana kunna fitila ko da rana ne.

A Nijar ta hannun dama ake tafiya. Yaron da aka goya a baya shi ma yana da nasa aiki. Ya riƙe da hannu biyu, ya aza ƙafafunsa a mataki, kada ya yi ta waige-waige. Ya yi nesa da bututun hayaƙi, don yana ƙuna. Ƴan mata su tattara zane da lulluɓi sosai: bakin zane in ya shiga sarƙa, yana fizgo mai shi ƙasa.