Hasken Leza da Baƙin Tabo a Baƙar Fata

Duk ɗalibin da ya taɓa taka duwatsun da suka kewaye garin Dutse da azahar a watan Afrilu ya san cewa baƙin dutse ya fi farin yashi ɗaukar zafi. Baƙin abu yana shanye haske ne ya mayar da shi zafi. A kan wannan ƙa'ida likitocin fata suka gina aikin goge tabo da hasken leza, kuma daga cikinta ne haɗarin aikin ya taso ga mai baƙar fata.

Leza haske ne mai launi ɗaya tak, wanda aka tattara shi wuri guda don ya yi ƙarfi. Theodore Maiman ne ya ƙera na'urar farko a Amurka cikin 1960. Ba a jima ba wani likita mai suna Leon Goldman ya fara gwada ta a kan fatar mutum. Amma sai a 1983 ne Rox Anderson da John Parrish na Jami'ar Harvard suka bayyana sirrin aikin: idan aka zaɓi launin hasken da abin da ake hari ya fi sha, aka kuma sake shi cikin ƙanƙanin lokaci, to abin zai tarwatse kafin zafin ya isa ga naman da ke kusa. Wasu na'urorin kan saki haskensu cikin 'yan ɓangarori na kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa.

Abin da ake hari a tabo shi ne melanin, wato sinadarin da ke ba fata launinta. Yawan ƙwayoyin da ke yin sa kusan ɗaya ne a jikin Bature da Bahaushe. Bambancin yana ga yawan abin da suke fitarwa. Tabo kuwa wuri ne da melanin ya taru fiye da kima. A farar fata tabon tamkar gawayi ne a kan farin ƙyalle, haske ba ya kuskure shi. A baƙar fata kuwa ko'ina akwai melanin, saboda haka lafiyayyar fatar ma tana shan hasken. Sakamakon yana iya zama ƙuna, ko farin tabo inda ƙwayoyin suka mutu, ko kuma sabon baƙi da ya fi na dā, domin baƙar fata takan mayar da martani ga kowane rauni da ƙarin melanin.

Dabarar da likitoci suka samo tana ga tsawon zangon hasken, wanda ake aunawa da nanomita. Melanin yana shan haske mai nanomita 532 ko 694 sosai, amma kaɗan yake sha daga mai 1064, wanda na'urar Nd:YAG ke fitarwa. Wannan hasken yakan ratsa saman fata ya nutsa ciki, don haka shi aka fi amincewa da shi ga baƙar fata. Ko da shi ɗin ma, ƙwararren likita yakan fara gwaji a ɗan wuri, ya jira makwanni ya ga yadda fatar ta karɓa. A Nijeriya an fi samun na'urorin a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, kuma zuwa ɗaya ba ya wadatarwa.

To, amma ina tabon ya samo asali? Ga 'yan makaranta a Dutse, Kiyawa ko Birnin Kudu, galibi sawu ne da ƙurajen fuska, cizon sauro ko ƙarambau suka bari, musamman idan an matse ko an sosa. Irin wannan yakan dushe da kansa cikin watanni, muddin aka yi maganin ƙurajen aka kuma kāre fuska daga rana da malafa, lema ko man kariya. Akwai kuma baƙin da ke fitowa a kumatun mata masu juna biyu, wanda likitoci ke kira melasma. Shi kam yakan dawo bayan leza, wani lokaci ma ya ƙaru.

Mafi wahala shi ne tabon da man bilicin ke haifarwa. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin haidurokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafawa yakan bar baƙi mai shuɗi-shuɗi can cikin fata. Likitoci a Afirka ta Kudu sun yi bayanin wannan cuta tun 1975. Wasu kuma na ɗauke da magungunan da ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, kuma fatar da ta yi laushi haka ba ta saurin warkewa daga zafi. Matsalar ta kai ga hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan mayukan bilicin cikin 2023.

Saboda haka tambayar farko da likita kan yi wa mai tabo, ko a Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse ko a na Aminu Kano da ke Kano, ita ce me yake shafawa, kuma tun yaushe. Idan amsar man bilicin ce, sai an daina shi bisa kulawar likita, fatar ta huta, kafin a yi zancen kunna wata na'ura.